Kifin da Aka Yi wa Lalle

Akwai wata yarinya a unguwar Umarari, 'yar aji biyar. Tana da kai, amma bakinta ya fi kanta sauri. Ba ta iya cewa "ban sani ba". In ta ga za ta faɗi haka, gara ta ƙirƙiro amsa nan take.

Malamin Turancinsu, Malam Dzarma, yana da wata al'ada. Duk ranar Litinin zai rubuta kalma ɗaya a allo, ya ce a je a nemo ma'anarta. Wanda ya fi iya bayani, shi zai tsaya gaban makaranta duka ranar Juma'a ya yi magana. Ƙawarta Lubna ta tsaya har sau uku. Ita ko sau ɗaya ba ta taɓa ba, abin kuwa yana ci mata rai ƙwarai.

Wannan makon sai Malam ya rubuta *striped bass*.

"Ku je ɗakin karatu ku duba ƙamus," in ji shi. "Ranar Laraba zan tambaya."

Yarinyar nan ko ƙofar ɗakin karatun ba ta leƙa ba. Wasan tsallen igiya ya ɗauke mata hankali.

Ranar Laraba Lubna ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, wani irin kifi ne mai ratsi-ratsi a jikinsa."

Kafin ta ƙarasa, yarinyar ta yi zumbur ta miƙe.

"Ai mu shi muke ci a gida! Kakata kullum sai ta sayo shi."

Malam Dzarma ya saki baki. Ya cire gilashinsa ya dube ta.

"A nan Maiduguri?"

"Ƙwarai, Malam."

"Ikon Allah! To ki kawo mana guda gobe. In kin kawo, Juma'a taki ce."

A hanyar gida ta yi ta tunanin inda za ta samo kifin. Da ta isa ta sami kakarta, Kaka Gumsu, tana haɗa lalle, don sana'arta ke nan, yi wa amare zane.

"Kaka, akwai kifi mai ratsi-ratsi a kasuwa?"

"Ke kuma da naki! Karfasa na sayo, tana cikin kula da ƙanƙara. Ta miyar gobe ce, kada ki taɓa."

Da safe Kaka ta shiga wanka. Yarinyar ta buɗe kular ta ɗauko karfasa mafi girma. Ta ɗauko baƙin lallen Kaka da tsinke. Ta zauna bayan ɗaki ta ja wa kifin layi ɗaya bayan ɗaya, har da gyara wanda ya karkace. Ta naɗe shi a leda ta cusa cikin jaka.

Darasin Turanci kuwa sai bayan hutun ƙarfe tara. Rana ta buɗe sosai. Tun kafin Malam ya shigo yara suka fara toshe hanci.

"Wai me ya mutu a ajin nan?" in ji Lubna.

Malam ya shigo da farar rigarsa. Ya ce, "To, ina kifinmu?"

Ta miƙa masa ledar. Ya buɗe, ya ɗago kifin sama don kowa ya gani. Sai baƙin ruwa ya gangaro ta gwiwar hannunsa, ya ɗiga a kan rigar. Ya shafa jikin kifin da yatsa. Ratsin ya biyo yatsan.

Yara suka miƙa wuya suna leƙe.

"Lalle ne!" Lubna ta yi ƙara. "Wallahi lalle ne, Malam! Karfasa ce aka yi wa lalle!"

Wasu suka dafe kai, wasu suka rufe baki. Malam Dzarma ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, ya yi baƙi ƙirin.

"Shekarata goma sha biyar ina koyarwa," ya ce a hankali. "Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Yarinyar ta fashe da kuka. Kunya ta kama ta har ta kasa ɗaga kai.

"Juma'a ta Lubna ce," in ji Malam. "Ke kuma ki gaya wa kakarki abin da kika yi, da bakinki."

Da Kaka Gumsu ta ji labari, ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Innalillahi! Ni ina nan ina ta zagin magen maƙwabta, ashe ke ce! Kifin aure zai yi da kika yi masa lalle?"

"Kaka, ki yi haƙuri. So nake in tsaya gaban makaranta."

"Da ƙarya? Ga abinci kin lalatar, ga rigar bawan Allah. Gobe ki karɓo ta ki wanke."

Ta wanke rigar har sau uku, tabon bai fita duka ba. Hannun Malam kuwa ya yi mako guda da lalle. Duk inda ya wuce sai malamai su ce, "Ango, yaushe ne bikin?"

Ranar Juma'a tana cikin layi tana kallo Lubna ta hau gaba. Da aka tashi, yarinyar ta wuce ɗakin karatu ita kaɗai. Ta buɗe ƙamus, ta buɗe wani littafin kifaye mai hotuna. Abin da ta gani ya ba ta mamaki.

Ranar Litinin ta ɗaga hannu. Malam ya ba ta dama.

"Malam, ka yafe mini, ƙarya na yi. Ba mu taɓa cin sa ba. *Striped* na nufin mai ratsi-ratsi. *Bass* sunan wani dangin kifi ne. Wannan a teku yake zama, can gaɓar Amurka, yana shiga koguna in zai yi ƙwai. Jikinsa kamar azurfa, da baƙaƙen layuka daga kai zuwa jela. Turawa kan ce, *He caught a striped bass*, wato ya kama irin wannan kifin."

"Madalla," in ji Malam. "To shekara nawa yake yi a duniya?"

Duk ajin suka juyo suna kallonta. Bakinta ya buɗe, amsa ta taso mata kamar yadda ta saba. Ta haɗiye ta.

"Ban sani ba, Malam. Amma zan duba."

Malam Dzarma ya yi murmushi, ya fara tafi. Yara suka kama.

"Wannan amsar nake jira," ya ce. "Juma'a mai zuwa taki ce."

Daga ranar ta gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka yi ƙarya don a ce ka sani. In ba ka san abu ba, ka faɗi gaskiya, sannan ka je ka nemo.