Baƙon da Ya Zo da Damina

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku kuma san lokaci ba! Mutum ya tafi Joni, can Afirka ta Kudu, ya yi shekara da shekaru babu ko gaisuwa, sai ya tashi ganin gida a tsakiyar damina, hannu na dukan cinya. Mu da aka haifa a bakin tabkin nan na Malawi mun san mai hankali bayan girbi yake ziyara. Da damina masarar bana tana gona ba ta nuna ba, ta bara kuwa ta kai ƙasan rumbu. To ku zauna ku ji abin da ya faru a gidan Abiti Imedi, a wani ƙauye kusa da Makanjira.

Ranar tun safe ruwa yake zuba. Awetu, 'yar Abiti Imedi, tana durƙushe a madafa tana hura ɗanyen itace, hayaƙi ya cika mata ido, 'yarta Lukiya a goye. Mijinta Jafali yana kan ɗaki yana toshe yoyon jinka. Kamar kowane miji a wajenmu, shi ne ya tare a gidan matarsa, yake noma gonar surukarsa. Rumbun da ke tsakar gidan guminsa ne, amma hukuncinsa na hannun tsohuwa. Tun da ya shigo gidan bai taɓa haɗa ido da ita ba, balle magana. Duk abin da zai faɗa mata, Awetu ce bakinsa.

Sai ga ƙarar babur, sai ga murya.

"Ina mutanen gidan? Bos ya dawo!"

Twaibu ne, yayan Awetu, da baƙin tabarau a cikin ruwan sama. A bayansa wata doguwar mace ce, takalmanta a hannu, taɓo har gwiwa. Sunanta Zodwa, can ya aure ta, ba ta jin yarenmu. Abiti Imedi ta fito da gudu tana rangaɗa guɗa tana kuka. Tsarabar da aka sauke ita ce bargo ɗaya na tsohuwa da ƙatuwar sifika mai kiɗa. Ko tiyar masara babu.

Jafali ya sauko ya miƙa hannu biyu. Twaibu ya dube shi sama da ƙasa.

"Awetu, wannan ne zakaran da kuka aro? Ba laifi, da alama yana cin tuwo."

"Haba Yaya!"

Jafali ya yi murmushi kawai, ya ɗauki jakunkunan baƙi ya kai ɗaki.

Daga ranar gidan ya koma gidan biki. Kajin gidan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Tuwon farar masara safe da yamma, abokan Twaibu na yarinta suna zuwa jin labarin Joni, kowa ya zo sai an zuba masa. Jafali ya dawo daga gona a jiƙe, ya leƙa rumbu, ya kira matarsa bayan ɗaki.

"Maman Lukiya, ki gaya wa Inna a rage hannu. A riƙa gaurayawa da dusa. Abin da ya rage, in an lallaɓa, zai kai mu sabuwar masara. In ba a lallaɓa ba, wallahi ba zai kai ba."

"To, zan gaya mata."

Ta je ƙofar ɗakin uwarta. Ta tarar da tsohuwa lulluɓe da sabon bargo, tana dariya har da hawaye, ɗanta yana nuna mata hotuna a waya. Rabon da Awetu ta ga dariyar nan tun rasuwar babansu. Ta haɗiye maganar.

"Mene ne, kin tsaya min a kai?"

"Ba komai, Inna. Baban Lukiya ne ya ce a gaishe ki."

Haka ta riƙa yi. Ya aike ta, ta kai gaisuwa, ta dawo ta ce masa Inna ta ji.

Da tafiyar baƙi ta matso, Twaibu ya ce shi ba zai bar ƙauye haka shiru ba. Sai ya haɗa fati, a dama kunun zaƙi tulu-tulu, a tuƙa tuwo, a kunna sifika, a ɗauki bidiyo ya nuna wa abokansa a Joni. Abiti Imedi ta sa matan maƙwabta su kwashe rumbu su kai turmi.

Jafali ya shigo da fartanya a kafaɗa ya ga kwanduna jere. Ya dubi matarsa.

"Kin kuwa gaya mata?"

Awetu ta sunkuyar da kai. Ya gane.

Ya ajiye fartanya. Ya cire hula. A gaban matan unguwa ya taka har inda surukarsa take zaune, ya durƙusa cikin taɓo, ya ɗaga ido ya dube ta.

"Inna, ki yi min gafara. In aka daka masarar nan yau, jikarki ba za ta ga girbi da ƙafarta ba. Don Allah a mayar da ita."

Taɓarya ta tsaya a hannun masu daka. Abiti Imedi ta ja bargo ta rufe fuska ta fasa ihu.

"Wayyo ni! Ya dube ni! Surukina ya buɗe baki a fuskata, a gaban jama'a!"

Twaibu ya fito yana huci.

"Kai, baƙo! Rumbun ubanka ne? Da tabarma kaɗai ka shigo gidan nan, da ita za ka fita. Awetu, ɗauko masa!"

"Yaya, ka ji tsoron Allah, laifi nawa ne..."

"Rufe min baki! Ni ne namijin gidan nan."

Wanda zai iya tsawata masa shi ne Kawu Mbwana, ƙanen tsohuwa, shi kuwa yana can sansanin masunta a tsibiri. Aka jefo tabarmar Jafali tsakar gida. Bai ɗauka ba. Ya karɓi Lukiya ya sumbaci goshinta, ya mayar wa uwarta, domin a wajenmu ɗa na dangin uwa ne, uba ba ya tafiya da shi.

Awetu ta bi shi har bakin tabki, ruwa na dukansu, igiyar ruwa na dukan gaɓa.

"Na cuce ka, Baban Lukiya. Tsoro na ji."

"Na sani. Ni ma na yi abin da ba a yi." Ya share mata fuska da tafin hannunsa mai kanta. "Ki ji da kyau, ban sake ki ba. Ko sun ce ki ce na sake ki, kada ki faɗa. Ki kula min da yarinyar nan."

Ya kama hanyar ƙauyensu ta kan duwatsu, bai waiwayo ba. Ta tsaya tana kuka har hazo ya haɗiye shi.

An yi fati. An ci, an sha, an yi rawa cikin taɓo, an ɗauki bidiyo. Kafin baƙi su ɗaure kaya sai sama ta sake ɓallewa, kogi ya cika ya tafi da gadar da ke hanyar Mangochi. Babu mota, babu babur. Baƙon da ya zo kwana kaɗan ya zama ɗan gida.

Nan yunwa ta shigo. Aka koma dusa, dusa ta ƙare, aka koma dafa ɗanyen mangwaro da ganyen kabewa babu mai. Ciyawa ta shaƙe gonar da Jafali ya bari. Jinka ta koma yoyo, aka jera kwanuka a ɗaki. Twaibu ya fita da fartanya sau ɗaya, ya dawo kafin hantsi yana nuna ƙuraje a hannu yana zagin ƙasar. Abokan tuwo kuwa ko inuwarsu.

Kullum sai Twaibu ya sami ƙanwarsa.

"Ki manta da wancan matsiyacin. Ki je wajen liman ki ce ya sake ki, kowa ya huta."

"Bai sake ni ba, Yaya."

Iyakar amsarta ke nan. Takan tafi gonakin mutane ta yi cirar ciyawa a ba ta ɗan garin rogo, ta dama wa Lukiya, ita ta sha ruwa. Duk da haka ƙafafun yarinyar suka kumbura, gashinta ya yi ja, kukanta ya koma kamar na mage.

Zodwa ba muguwa ba ce, ba ta dai san inda aka kawo ta ba. Wata safiya ta tsaya ta daɗe tana kallon Lukiya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin madarar da ta zo da shi ta danƙa wa Awetu, ta faɗi wata magana da yarensu, hawaye na zuba. Da azahar aka neme ta aka rasa. Ta bi jirgin masunta zuwa ɗaya gaɓar, ba ta ko yi wa mijinta sallama ba.

Jirgin da ya tafi da ita shi ya kai labari tsibiri. Kawu Mbwana ya iso da ƙunshin busasshen kifi, ya leƙa rumbu, ya ɗaga jikarsa ya ji ba nauyi. Ya zauna ƙarƙashin mangwaro ya tara gidan.

"Wa zai gaya min gaskiya?"

Awetu ta miƙe. Wannan karon ba ta haɗiye komai ba. Ta faɗi aiken da mijinta ya yi ta yi, da gaisuwar ƙarya da ta riƙa kaiwa, da fati, da tabarma. Abiti Imedi ta rushe da kuka.

"Da na ji tun farko..."

"Da kin ji ma ba za ki saurara ba, Yaya," in ji Kawu. "Bargo ya toshe miki kunne." Ya juya ga Twaibu. "Kai kuma Bos, tashi. Naɗe tabarmar nan ka ɗora a ka. Da ƙafa za ka kai ta ƙauyen su Jafali, ka durƙusa a gaban danginsa."

"Kawu, hutuna ya ƙare! A wajen aiki sun ce in ban koma ba za su ba wani aikina, bizata ma..."

"Na riga na gaya wa masu jirgi. Wanda ya ɗauke ka, ni da shi ne."

Haka Twaibu ya tafi, tabarma a ka, yara suna binsa suna kiran Bos. Dangin Jafali suka bar shi ya daɗe a durƙushe, sannan gwaggon Jafali ta yi magana. Ta ce ɗansu ba zai koma gidan da aka jefa masa tabarma ba. In ana son auren, a ba su Awetu da 'yarta su zauna a ƙauyensu. Abu ne da dangin mace ba sa yarda da shi sai da ƙyar, amma Kawu Mbwana ya amince.

Jafali ya zo da kansa da kwandon rogo a ka, ya ajiye a ƙofar surukarsa, idonsa a ƙasa. Ya ɗauki Lukiya ya rungume, babban mutum yana kuka kamar yaro. Awetu ta ɗaure 'yan kayanta ta bi bayansa. A can kan duwatsu yarinyar ta murmure, kafin rani tana gudu tana korar awaki. Awetu ta sha wuya, amma haƙurinta da riƙon aurenta ba su faɗi ƙasa ba.

Ku ji ni da kyau, 'yan mata da samari. Kada tsoron ɓacin ran uwa ya sa ku ɓoye gaskiyar da za ta ceci gida. Kada kuma ku raina wanda yake ciyar da iyayenku alhali kuna can kuna yawon duniya.

Shi kuwa Twaibu, kafin a gyara gada an ba wani aikinsa, Zodwa ta aiko cewa kada ya neme ta. Gida babu suruki, babu 'ya, sai tsohuwa da gona, Kawu ya ce Twaibu ne zai noma ta muddin uwarsa na da rai. Shekarar ba su girbi abin kirki ba, sai da ya yi ƙodago a gonakin abokan da suka yi rawa a fatinsa. Yana nan har yau. In kun bi ta hanyar tabki da sassafe za ku gan shi a gona sunkuye cikin kunya, babu takalmi, bayansa ya ranƙwafa tun bai tsufa ba.