Kek ɗin Kuskure

Ban iya kek ba. Gara in faɗa tun yanzu. Nawa kullum gefensa ƙonewa yake yi, tsakiyar kuma ta zauna ɗanya kamar ba ta ji labarin an kunna wuta ba.

Da irin wannan kek ɗin na shigo ofis wata Juma'a da safe, ruwan sama na ɗiga daga rigata, na tarar da Vibeke zaune a kujerata.

Vibeke ce shugabarmu, kuma ba ta zama a kujerar kowa.

"Mene ne wannan, Flemming?"

"Kek ne..."

"Na ga kek ne. Na me?"

"Na kuskuren jiya."

Ta cire tabarau, ta nuna fitilar da ke jikin bango.

"Kalle ta."

Na kalla. Koriya ce shar.

"Tun jiya ba ta yi ja ba," ta ce a hankali. "To wa ya gaya maka ka yi kuskure?"

Na tsaya riƙe da faranti, ina jin ruwa na gangara cikin takalmina.

Mu shida ne a ofishin, hawa na biyu na wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa ta birnin Aarhus. Muna kula da wata taskar manhaja da masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ke ɗiba kyauta. Rabona a ciki shi ne shafukan bayani, kuma wanda na fi ji da shi shi ne shafin mahaɗi. Mahaɗi ɗan ƙaramin aiki ne: ka ba shi kalmomi a warwatse, ka faɗa masa abin da zai sa a tsakaninsu, ya jera maka su a layi ɗaya. Iyakarsa ke nan. Tsohuwar matata ta taɓa tambayata abin da nake yi a wurin aiki, na zauna na yi mata bayani filla-filla. Ba a daɗe ba muka rabu. Ban ce dalilin ke nan ba.

Duk misalin da na rubuta a shafi, akwai injin gwaji da ke gwada shi kafin ya fita duniya. In abin da na ce zai faru bai faru ba, fitila ta yi ja. Wanda ya sa ta yi ja kuwa, kek ne a kansa ranar Juma'a. Sannan Vibeke za ta jawo kujera ta zauna kusa da shi har sai an gyara.

Shekara da shekaru ban taɓa sa fitilar nan ta yi ja ba, saboda haka shekara da shekaru tsakanina da Vibeke sai gaisuwa.

Kuskurena na farko na gaskiya ne. Ta jawo kujera, ta ajiye kofinta kusa da nawa, kafaɗarta na ɗan taɓa tawa. Ta karanta shafin tun daga sama har ƙasa, abin da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba.

"Kai ka rubuta duk wannan?"

"Ni ne."

"Kamar mutum na yi maka magana," ta ce. "Ban san kana da ban dariya ba."

Ni ma ban sani ba.

Daga nan na lalace. Lokaci-lokaci, ranar Alhamis da yamma, sai in dasa ɗan kuskure a wani misali, in hau kekena in biya in sayi kwakwa da man shanu. Juma'a ta zauna kusa da ni, mu gyara, mu yi hira. Rabonta na kek kuwa sai ta naɗe a takarda ta ce a gida za ta ci. Na saba har na daina tsayawa in ga fitilar ta yi ja.

Wannan Alhamis ɗin, abin da na dasa shi ne: na rubuta cewa in ba ka faɗa wa mahaɗi abin da zai sa a tsakani ba, da kansa zai bar tazara. Ƙarya ce. Ba ya barin komai, manne kalmomin yake yi.

"Injin bai kama ba?" na tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Na kashe shi jiya," in ji Asger daga bayana.

Asger matashi ne mai gyararren gemu da keke mai tsada. Ya daɗe yana cewa na'ura za ta iya rubuta shafukana cikin ƙiftawar ido, ya kuma daɗe yana gayyatar Vibeke wankan teku a tsakiyar hunturu.

"Ɓata mana lokaci yake yi," ya ce. "Kuma na ga dattijo ba ya kuskure sai ranar Alhamis. Na ce bari mu gani ko kek zai zo ba tare da fitila ba."

"Ka ga kuskuren, ka bar shi ya fita duniya?" Vibeke ta tambaye shi.

Ya ɗan sosa gemu.

"Zauna, Asger. Naka na zuwa."

Ta juyo gare ni.

"Wata mata ta bugo waya ɗazu daga tsibirin Fyn. Shagon sayar da irin shuka gare ta. Jiya da yamma ta kwafi misalinka ta buga takardun adireshi na duk kayan bazara. Suna da titi da gari duk sun manne wuri ɗaya. Motar gidan waya ta zo ta ƙi ɗauka. Kuka take yi, Flemming. Cewa ta yi ta amince da shafin ne saboda bai taɓa yi mata ƙarya ba."

Ban taɓa sanin akwai wanda ya amince da shafina ba. Ranar da na sani, ranar na ci amanarsa.

"Ka san doka," ta ce. "Wanda ya saka kuskure da gangan, karɓe shafin ake yi daga hannunsa. Litinin zan yanke hukunci."

Ta tashi daga kujerata. Ba wanda ya taɓa kek ɗin ranar.

Asabar da sassafe na ari motar maƙwabcina na kama hanyar Fyn. Ko da na isa, motar Vibeke na ƙofar shagon. Tana zaune kan wani akwati a cikin rumbu, tana ɓare takardu daga jikin ƙunshin kaya da farce.

Mai shagon, Bodil, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai shafin?"

"Ni ne. Ki yi haƙuri."

"Na zaci za ka fi haka tsawo," ta ce, ta miƙo min wuƙa. "Waɗancan na bango naka ne."

Muka yi ta ɓara muna liƙa sababbi. Rumbun na ƙamshin ƙasa da busasshen albasa. Da Bodil ta fita haɗa mana burodi, Vibeke ta juyo gare ni.

"Me ya sa ba ka ce min mu je mu sha kofi ba, kamar sauran mutane?"

"Da kin ce a'a fa?"

"Da ka ji zafi kwana biyu. Da Bodil ba ta yi kuka ba."

Na ci gaba da ɓare takarda.

"Tun kuskurenka na biyu na gane," ta ce, idonta na kan takarda. "Mutumin da bai taɓa kuskure ba, rana ɗaya ya fara irin na 'yan koyo... Na gane, na ƙyale ka. Saboda haka ni ma da hannuna a wannan rumbun."

"Me ya sa kika ƙyale ni?"

"Flemming, shekararka hamsin da wani abu. Ka yi tunani mana."

Na yi tunani. Wuƙar ta zame ta yanke ni a yatsa. Ta kama hannun, ta naɗe shi da gyalenta, ba ta sake shi ba.

"Ga hukuncin, ba sai Litinin ba," ta ce. "Shafin zai zauna a hannunka, don na ga yadda fuskarka ta yi jiya. Amma akwai wata dokar. Ba a yarda mutum ya duba aikin wanda suke tare ba."

"Tare..."

"Tare. Ka zaɓa. Ko in ci gaba da jawo kujera ranar Juma'a, ko ka zo gidan mamata cin abinci gobe. Ba za ka samu biyun ba."

"In na zaɓi gobe, wa zai riƙa duba shafina?"

"Asger. Layi-layi, har ƙarshen rayuwarsa. Hukuncinsa ke nan."

"Ai nawa ne hukuncin."

"Na ku biyu ne," ta ce. "Ka zaɓa, masoyi, Bodil na dawowa."

Kalmar nan "masoyi" ban tabbata na ji ta daidai ba, amma ban nemi a maimaita ba.

Mamarta, Tove, ta haura tamanin, kuma kunnenta na jin abin da ya ga dama ne kawai. Ta buɗe ƙofa ta tsaya a tsakiya.

"Kai ne mai kek ɗin nan?"

"Ni ne, Tove."

"Vibeke, ban yarda ba."

"Mama..."

"Mijinki na farko bai iya komai ba, amma ya san bai iya ba. Wannan bai iya ba, kuma ya ƙi dainawa."

"Shi ya sa nake son sa, Mama."

"Ke kika sani. Shigo, kana shigo min da sanyi."

Aka ci abinci. Duk abin da na faɗa ba ta ji ba, sai da na ce zan wanke kwanuka. A kicin ta biyo ni, ta buɗe murhunta na gashi ta nuna min da cokali.

"Wutarka ta yi yawa, kuma kana buɗe ƙofa kana leƙe. Abu in ka saka shi, ƙyale shi ya yi."

"To."

"Laraba za ka riƙa zuwa. In ka yi guda ɗaya da za a iya ci, ka ɗauki Vibeke."

Hunturu guda na yi ina zuwa. Ban taɓa yin wanda za a iya ci ba. Wata Laraba dai Tove ta ɗanɗana, ta ture farantin, ta ce ta gaji, a je a yi auren kafin in kashe ta.

A zauren hukumar gari aka ɗaura, ana yayyafi. Bodil ta aiko da fakitin irin furanni, adireshinmu a jiki tsaf, kowace kalma a wurinta. Asger ya zo da gemunsa, ya ja ni gefe ya ce akwai jimla a sakin layi na uku da bai gamsu da ita ba. Ya yi gaskiya kuma, abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Yanzu ya san shafin mahaɗi fiye da ni, ya daina maganar na'ura.

Kek ɗin bikin Tove ce ta gasa, na kwakwa kamar yadda na roƙe ta, mai laushi har tsakiya. Na yanka na miƙa wa amaryata a gaban jama'a, kamar yadda ake yi.

Ta yi murmushi, ta jawo takarda ta naɗe.

"Ba za ki ci ba, abar ƙaunata?"

Mutanen ofis suka kalli juna. Tove ta kalli silin.

Vibeke ba ta cin kwakwa. Tun tana yarinya kumbura mata baki take yi, kuma kowa a ofis ya sani.