Ƙarfe a Safar Hannu

Wata Asabar da la'asar, zakaran damben zamani na ajin masu matsakaicin nauyi yana zaune yana jiran a kira shi fage. Ya fara tsufa, abokin karawarsa kuwa matashi ne da ya sumar da mutane da yawa.

Mai horar da zakaran ya miƙo masa guntun ƙarfe. "Cusa a safar hannunka. Naushi ɗaya ya isa."

"Maigida, in yaron ya mutu fa?"

"In kai ka mutu fa?"

Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya ajiye shi, ya shiga fage.

Ya sha naushi har ya faɗi, aka ba matashin kambu. Su biyun suka koma gida da ƙafafunsu.