Hanyar Da Ermal Ya Ƙi Bi

"Ki tambayi angonki dalilin da ya sa ba ya son a bi ta Peshkopi."

Lindita ba ta ɗago ba. Amarya a Kukes ba ta ɗaga ido ranar da aka zo ɗaukarta. Tsayawa take ƙyam a kusurwar ɗaki, hannu bisa hannu, mata na shigowa suna kallo suna yabawa. Amma maganar ta shige ta har ƙashi.

Rudina ce ta raɗa mata, tana yi kamar gyaran mayafi take. 'Yar maƙwabtan ango ce, ta biyo 'yan ɗaukar amarya tun daga Korca, kuma babu wanda bai san ta daɗe tana auna wa kanta wannan farar rigar a zuci ba.

"Ni dai tausayinki nake ji, 'yar'uwa..." Ta ƙara rage murya. "Duk wata sai ya ɓace, ya ce aiki. To ga aikin."

Ta zura wayarta ƙarƙashin mayafin.

Ermal ne, angonta, ko a mafarki Lindita za ta gane wannan kafaɗar. Yana tsaye a ƙofar wani gida mai shuɗin ƙyaure, ya rungume wata mace, ya kifa kai a wuyanta. Ba a ganin fuskar matar, sai baƙin gashinta da hannunta a ƙeyarsa.

"Wani ƙauye ne gaba da Peshkopi kaɗan. Wani direban motar haya ne ya ɗauko min."

Rudina ta zare wayarta.

A tsakar gida ganga da algaita na tashi, amma hayaniyar ɗakin baƙi ta fara danne su. Tun da aka ajiye kofi ake jayayya kan hanya. Mu a nan 'yan ɗaukar amarya ba sa komawa ta inda suka zo, don in sun koma auren ma baya zai ci. Dangin ango mutanen kudu ne, sun daɗe da sakin wannan, shi ya sa suka zo hankali kwance ta babban titin Elbasan da Tirana, suna shirin juyawa ta can. Ba su san da Kaka Safete, kakar amarya, ba.

"Ba da jikata ba," muryar tsohuwar ta ratso bango. "Ku bi ta Peshkopi, ku sauka Librazhd, ku bi gefen tafki ku isa gidanku."

"Inna, hanyar nan duk kwana ce da rami," in ji Kujtim, uban ango. "Baƙi na jiranmu. Dare zai yi mana a kan dutse."

"Dutsen bai taɓa cinye kowa ba. Ni a kan doki na bi shi."

"Na ce ba zan bi ta Peshkopi ba."

"To sai ka tashi sama, suruki. Hanyoyin biyu ne, ka riga ka cinye ɗaya."

Sai ga muryar Ermal, a sanyaye, irin wadda Lindita ba ta san shi da ita ba.

"Kaka, don Allah... a bar mu mu bi babban titi."

Nan Lindita ta ɗago kai. Ta yaye mayafin da hannunta.

"Ku kira min Ermal."

Wata gwaggo ta dafe ƙirji, wata ta ce, "Amarya ta yi magana?" kamar ta ga akuya na karatu. Lindita ba ta kula su ba. Ta tattare rigar ta wuce ɗakin ajiya na baya, inda ake jera cuku da buhunan wake.

Ermal ya shigo da sauri, furen aljihunsa ya karkace.

"Zuciyata, lafiya? Kowa na..."

"Wace ce?"

"Wa?"

"Mai shuɗin ƙyaure."

Ta ga jinin fuskarsa ya zube. Abin da ya fi kashe ta ke nan. Da ya yi dariya, da ya ce sharri ne, wallahi da ta yarda.

"Lindita..."

"Kada ka ja min suna. Wace ce kake zuwa wurinta duk wata?"

Ya jingina da bango.

"Mahaifiyata ce."

Ta yi baya har ta bugi buhu.

"Mahaifiyarka ta rasu, Ermal."

"Tana nan da ranta."

"Kai ka gaya min. Da bakinka. Na yi kuka a gabanka... na tuƙa halawa na raba wa maƙwabta sadaka saboda ita!"

"Na sani. Ranar na so ƙasa ta tsage in shige." Idonsa ya ciko. "Ina ƙarami suka rabu da Baba, ta koma garinsu. Ya rantse ba za a ƙara kiran sunanta a gidansa ba, ya ce duk wanda ya tambaya a ce ta mutu. Haka na tashi ina faɗa, har bakina ya saba. Sai da na shiga jami'a na nemo ta. Merita sunanta. Baba bai san ina zuwa ba."

"Ta san yau ne?"

"Ta sani."

"Ka gayyace ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na yi mata alkawarin zan tura mata hoto."

"Hoto..."

Lindita ta maimaita kalmar a hankali. Minti kaɗan da suka wuce kishi ne ke cin ta, yanzu kuwa tsoro ne, kuma tsoron ya fi zafi.

"Da budurwa ce, da na san abin yi. In tuɓe rigar nan in ce ka gaida gida. Amma wannan..." Ta share hawaye da bayan hannu, kwalliyar da aka kwana ana yi ta dame. "Ka binne uwarka da ranta don kada ran babanka ya ɓaci. Ni fa? Ranar da na ɓata masa rai, me za ka ce wa mutane a kaina?"

"Haba raina, ke daban..."

"Ita ma daban ce. Ita ta haife ka."

Ta matso kusa da shi.

"Ina sonka, Ermal, har ina jin haushin kaina. Amma ka saurara. Ko mu bi ta Peshkopi mu tsaya a ƙofarta, da gangarmu da komai, ko ka bi babban titinka babu amarya."

"Baba zai yafe ni."

"To ka zaɓa."

Ya gyara furen aljihunsa, ya juya ya fita. Ta bi bayansa, ta tsaya a bakin ɗakin baƙi inda mace ba ta saba tsayawa ba, balle amarya.

"Baba," Ermal ya ce, "ta Peshkopi za mu bi. Kuma za mu tsaya a gidan Mama."

Kofin hannun Kujtim ya tsaya a iska.

"Gidan wa?"

"Gidan Mama. Na daɗe da gano ta. Duk wata ina zuwa."

Mazan Kukes suka kalli juna. Tun ranar neman aure suke yi wa matar nan addu'ar samun rahama. Wani dattijo ya ce a hankali, "Ikon Allah, marigayiyar?"

Kujtim ya ajiye kofin.

"Ni na raine ka. Ni kaɗai."

"Na sani, Baba. Ba zan taɓa mantawa ba."

"In ka tsaya a ƙofar nan, kada ka tako tawa."

"Zan tako. Ko ka kore ni zan dawo, sai ka gaji ka buɗe. Amma yau zan tsaya."

Kaka Safete ce ta shiga tsakani. Ta buga sandarta a ƙasa.

"To magana ta ƙare. Ku shanye kofinku, rana na yi."

Rudina kuwa tana can bayan mata, baki sake. "Uwa?" kawai take maimaitawa. Baiwar Allah, ta kashe kuɗin gyaran gashi ta taho tun daga kudu don ta raba aure, ta ɓige da haɗa ɗa da uwarsa.

Aka fito da amarya. Motoci suka jera, an ɗaura musu fararen ƙyallaye, suka ɗauki hanyar dutse. Kujtim ya shiga motarsa ya bi sahu a can baya. Ko don kunyar surukai ne, ko don wani abu daban, shi ya sani.

Hanyar kuwa ba ƙarya ya yi ba. Kwana bayan kwana, rami a dama, kogi na walƙiya can ƙasa. Sau biyu tumaki suka tare su, wata gwaggon ango ta yi ta amai tana tsine wa al'adun arewa. A kujerar baya Lindita ta juya fuska ga taga. Ermal ya miƙo hannu, ta janye nata.

"Har yanzu fushi kike, zuciyata?"

"Har yanzu."

"Zuwa yaushe?"

"Sai na gan ta."

Bayan sun wuce Peshkopi gonakin tuffa suka fara. Ermal ya dafa kafaɗar direba.

"Nan. Hagu."

Ga shuɗin ƙyauren. Motocin suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, ta Kujtim kaɗai ta wuce su da gudu. Sai da motar ta kai bakin wata 'yar gada ta tsaya. Bai fito ba, amma ya kashe injin.

Ermal ya tura ƙyauren.

Lindita ta yi tsammanin za su iske ta a lambu da kayan aiki, ko tana wanki. Abin da ta gani ya sa ta toshe baki da hannu biyu.

Merita na zaune a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, ita kaɗai. Ta ci ado da doguwar riga ruwan zuma, sabuwa fil, ta gyara gashi, ta sa 'yan kunne. An shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, an cika shi da gasasshen rago, da shinkafa, da farantan kayan zaƙin nan baklawa. Kujera ɗaya ce a wurin. Wayarta na kan cinyarta, tana jira.

Ta ɗago ta ga ɗanta cikin kayan ango. Ta ga farar riga a bayansa, ta ga masu ganga na leƙowa. Wayar ta zame ta faɗi ƙasa.

"Ermal...?" Ta miƙe tana dafa teburin. "Ba ta nan za ku bi ba. Ka ce min ta Tirana..."

"Ita ta ce sai ta nan, Mama."

"Wani kike jira?" Lindita ta tambaya tana kallon abincin.

"A'a, 'yata. Babu kowa." Matar ta shafa rigarta cikin kunya. "Kawai dai... ranar auren ɗana ce."

Lindita ba ta san lokacin da ta ƙarasa ba. Ta kama hannun matar ta sumbata, ta ɗora a goshinta.

"Mama," ta ce, kuka ya ƙwace mata.

Da ɗaya hannun ta laluba baya, ta kamo na Ermal, ta riƙe gam. Ya matse yatsunta yana kuka kamar yaro, bai damu da masu kallo ba.

Merita ta dubi mutanen da suka cika mata gida, ta dubi teburin, ta yi dariya hawaye na zuba.

"Ku zauna, don Allah, ku ci. Zai isa kowa." Ta share ido da gefen hannun sabuwar rigarta. "Ban san yadda ake dafa abincin biki na mutum ɗaya ba."