Ɗakin da Ba a Kunna Fitila

Ƙofa ta buɗe ta rufe da sauri, Siasi ba ta ɗago ba. A wannan ɗakin gwaji na cikin jirgin ruwa ba a kunna fitila, domin haske na ɓata ƙananan tsirran tekun da take tacewa. Ruwan ƙarƙashin ƙanƙara ne, ɗiban ƙarshe na bana, kuma da shi za ta kammala digirinta.

Takunsa kaɗai ya ishe ta. Renaud ne, wanda za ta aura in sun sauka.

"Solange... ruhina," ya ce ƙasa-ƙasa.



Solange! Abokiyar aikinta, wadda da safe ta marairaice wai kanta na ciwo, ta roƙi Siasi ta karɓar mata aikin ɗakin nan yau. Ashe makira ta san zai zo!

"Kin yi shiru, fushi ne? Haba ke kuwa... ki bari ta gama tace mana ruwan nan, sai in faɗa mata an fasa. In na faɗa yanzu, wa zai yi aikin?"

Hawaye suka zubo mata. Ta tuna mahaifiyarta a garinsu Puvirnituq, can arewa, tana cewa mutanen kudu da ƙanƙara suke zuwa, da ita suke narkewa. Siasi ta sha kuka kafin tsohuwar ta sauko, har ta ɗinka masa safar hannu ta fatar dabbar teku.

Makunnin fitila na dab da kafaɗarta, ranta kuma na tafasa. Amma ta yi asarar wahalar shekara saboda wannan? Ina!

Ta ci gaba da tsiyaya, shi kuwa gogan sai zuba yake kamar famfo. Ta ɗauke takardar tacewa ta ƙarshe, ta naɗe ta ruf, ta sa a firiza ta rufe.

Sannan ta kunna.

"Si... Siasi! Masoyiyata, tsaya ki ji..."

"Na ji ai, malam. Kunnena ba ya buƙatar fitila."

"Wallahi wasa nake!"

"Aikin ya ƙare, kuma nawa ne ni kaɗai. An fasa, na hutar da kai faɗa."

Ta miƙa hannu.

"Ba ni safar mamata."

"A wannan sanyin?"

"Solange ta ɗinka maka."