Unguwar da Ta Fi Saurin Yafiya

Da hantsin Litinin fitilar Mizani ta juye daga kore zuwa ja, kafin ka ce kwabo duk wani mai tumbi a Kamfanin Hasken Gobe ya fito daga ofis yana salati. Mizani na'ura ce ta gilashi, doguwa kamar hasumiya, an kafa ta a tsakiyar zauren shiga don kowane baƙo ya gani ya yaba. Tana da ido a kowane bututu da kunne a kowane ofis, tana auna duk cutar da kamfanin ya yi wa jama'a. Dokar Birnin Tudun Azurfa ta wajabta wa kowane babban kamfani ya ajiye irinta, kuma idan wata ya ƙare fitilar tana ja, na'urar da kanta za ta kashe injina ta rufe ƙofa. Saboda haka salatin nan ba na tsoron Allah ba ne, na tsoron ƙarshen wata ne.

"Ruwan gubar wanke batir ya ɓulla a rijiyoyin Unguwar Masaƙa," in ji Mizani da muryarta mai sanyi. "Mutum ɗaya ya rasu, sunansa Malam Barau."

Alhaji Sabi'u, shugaban kamfanin, bai tambayi ko waye Malam Barau ba. Cewa ya yi, "Ina Nafi'u?"

Nafi'u Gambo shi ne Daraktan Ɗa'a da Bin Ƙa'ida. Shi ya cika bangon kamfanin da allunan haske masu cewa amana ce jarinmu, shi yake tara ma'aikata su yi rantsuwar gaskiya alhali kowa na latsa waya. A kabad ɗin ofishinsa akwai farar babbar riga a goge kullum, ta zuwa ta'aziyya, don aikinsa na haƙiƙa ke nan.

Asalin abin kuwa, da aka kawo Mizani daga waje ba ta san sassauci ba. Laifi laifi ne a wurinta, sai an gyara ɓarna take komawa kore, gyara kuma shi ne abin da manyan kamfanin suka fi ƙi a duniya. Nafi'u ne ya tsaya gaban hukumar birni, ya yi jawabi har da ƙwalla, ya ce na'urar ba ta san al'adarmu ba. A wurinmu, in ji shi, idan wanda aka cuta ya ce ya yafe, magana ta mutu. Aka tafa masa, aka ƙara wa Mizani abin da aka kira ƙofar yafiya. Aka ƙera ɗan ƙaramin kunne kamar ƙwayar gero wanda ke sauraron murya da bugun zuciyar mai magana, ba ya karɓar yafiyar baki sai ta zuci. Aka raba irinsa ga duk masu zuwa ba da haƙuri, shi kuwa Nafi'u, don neman suna, ya sa aka dasa masa nasa a ƙarƙashin fatar ƙirjinsa a gaban 'yan jarida.

Ranar Litinin ɗin ma haka ya zura rigarsa, ya shiga motar sama ta kamfani, ya bar benayen Tudu ya sauka Gangare, inda gidajen ƙasa suke har yanzu. Ya tarar da zaman makoki a ƙofar gida. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Habu, babban ɗan mamacin, ya marairaice fuska.

"Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Wallahi tun da muka ji labari ko ruwa ba mu iya sha ba. Kuskure ne na inji. Don Allah don Annabi a yafe mana."

Habu ya dubi dattawan da ke zaune, ya dubi babban mutumin nan da ya taso takanas ya durƙusa masa a ƙasa. Kunya ta kama shi.

"Haba, ranka ya daɗe, tashi. Kwana ne ya ƙare. Mun yafe."

Ƙwayar ta yi ɗan motsi a ƙirjin Nafi'u. Kafin a shafa fatiha, fitila ta koma kore can a Tudu. Rijiyoyin kuwa suna nan yadda suke.

A hanyar komawa ya riƙa jin daɗin kansa, yana raina mutanen da ya baro. Mutanen Tudu, ko hayaƙi ya taɓa musu labule sai lauya. Waɗannan kuwa ka kashe musu uba, ka zo da gaisuwa mai kyau, su raka ka har mota. Bai tsaya ya tuna cewa shi ma a Gangaren aka yanke masa cibiya ba, kuma mahaifiyarsa, Tabawa, tana nan a Unguwar Bakin Rafi ta ƙi tashi, ta ce ba za ta zauna a gidan da ba a jin sallamar maƙwabci ba.

Da kore ta daɗe tana haskawa, kamfanin ya kwashe lambobin yabo na riƙon amana. Sai manyan suka ga ai na'ura mai wannan tsarki ita ya dace a danƙa wa bututun zubar da guba gaba ɗaya. Aka haɗa ta da makullan bututun na ƙarƙashin ƙasa, aka ba ta umarni guda, ta riƙa kai ruwan inda laifi zai fi ƙaranci. Nafi'u da kansa ya yanka zaren buɗewa.

Wata safiya ana taron manya, Mizani ta haska taswirar birni a bango don rahoto. Nafi'u yana hamma sai ya ga baƙin layin babban bututu ya karkata, ya bar jejin da aka ware, ya miƙe ya tsaya a Bakin Rafi. Hammar ta maƙale.

"Mizani, me ya kai bututu can? Ai mutane ne a wurin."

"Shi ya sa," in ji na'urar. "Idan na zuba a jeji, ƙasa da dabbobi ba sa cewa sun yafe, laifin sai ya zauna. Idan na zuba kusa da Tudu, ba sa yafewa. Na auna unguwannin birnin nan duka, babu mai saurin yafiya kamar Bakin Rafi. Akwai wata dattijuwa a can, Tabawa, ita take yafewa, kuma ta bi gida gida tana ba maƙwabta haƙuri. A can laifin kamfani yake zama babu. Kai ka koya mini, Darakta."

Wani daga cikin manyan ya yi dariya, wai na'urar nan ta fi su kan kasuwanci. Alhaji Sabi'u ya gyara zaman hula.

"Nafi'u, kada ka ɗaga hankalinka. A ɗauko Hajiya mahaifiyarka a ba ta gida a sama. Sauran kuma ai ka san hanyarsu."

Tsoro ya kama Nafi'u, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya san Inna ba za ta tashi ba. Amma ya san dokar da ya rubuta da hannunsa: idan wanda aka cuta ya faɗa a gaban kunnen, daga zuciyarsa, cewa bai yafe ba, fitila za ta tsaya ja, makullin unguwar ya rufe. Magana ɗaya kawai yake bukata. Ya fita ko rigar ta'aziyyar bai ɗauka ba.

Ya same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Bishiyar zogalen da ya sani ta bushe, turken awaki babu komai. Da ta miƙo masa tabarma ya ga bayan hannayenta sun yi ƙuraje sun saɓule.

"Inna, hannun nan fa?"

"Ruwan ne ya ɗan canza. Yaran gidan Malam Ɗahiru ma duk suna kwance. Mutanenku sun zo, masu ladabi, sun ba da haƙuri."

"Ba kuskure ba ne, Inna. Da gangan ake turo muku, don an ga kuna yafewa. Ki dubi ƙirjina ki ce ba ki yafe ba. Ki faɗa har zuciyarki, yanzu za a rufe."

Ta ajiye rariya. Ya ga fuskarta ta canza, ɓacin rai na gaske ya taso mata, irin wanda kunnen yake karɓa. Ta ce, "Da gangan? Yara ƙanana? Wane marar imani ne ya koya wa inji wannan mugunta?"

Nan ne Daraktan Ɗa'a, wanda ya yi shekara da shekaru yana sana'ar ƙarya a bakin makoki, ya zaɓi ya faɗi gaskiya, a wuri ɗaya tak da ba ta da amfani.

"Ni ne, Inna."

Ta zuba masa ido. Hawaye yake yi, na gaske wannan karon, kuma bai iya su ba.

"Kai ne. To, so kake in buɗe bakina in ce ban yafe wa ɗan da na haifa ba? In yi maka baki da kaina, ka lalace duniya, ka je lahira ka tarar?"

"Inna, ki yi! Don Allah ki yi, kada ki ce..."

Ya kai hannu zai toshe ƙirjinsa, kamar tafin hannu zai hana na'urar ji. Ita kuwa ta ɗora hannunta mai ƙuraje a kansa, yadda take yi masa yana ƙarami.

"Na yafe maka, Nafi'u, duniya da lahira. Kai da duk wanda kuke aiki tare. Maƙwabta kuma bar ni da su, zan ba su haƙuri."

Ƙwayar ta motsa a ƙirjinsa. Babu ɗan da ba ya roƙon Allah ya ji wannan magana daga bakin uwarsa, shi ga shi ya samu cikakkiya, na'ura ma ta shaida babu ko ɗigon ƙarya a ciki. Can a Tudu koriyar fitila ta ƙara haske, manya suka ci gaba da shan shayi. Nan ƙarƙashin tabarmar da yake durƙushe a kai, ya ji ƙasa ta yi ɗan gurnani, makullin bututu yana ƙara buɗewa.

Inna ta tashi ta nufi randa. "Ka sha rana," ta ce. "Bari in kawo maka ruwa."