Awartakin Baban Lamar

Alewar Araba ce ta kama da wuta, shi ya sa idon Lamar ya faɗa kanta.

Ranar Asabar ce da yamma a bakin tekun Cape Coast, inda Amurkawan garin suka saba hura wuta su rage kewar gida. Wata abokiyar aikinta a asibiti ce ta jawo ta. Aka ba ta tsinke da mashmalo, farar alewar nan mai laushi, ita kuwa ta cusa ta cikin wuta kamar mai gasa masara.

"Wayyo, ta ƙone!"

Lamar Pettway, malamin lissafi ɗan Texas, ya hure wutar yana dariya. Ya matse alewar tsakanin biskit biyu da cakuleti, ya miƙa mata. "Ci a haka. Ƙonanniyar ta fi daɗi."

Ta ci ta lumshe ido. Shi kuwa bawan Allah, tasa alewar ta narke ƙasa bai sani ba.

Washegari saƙonsa ya shigo: "'Yar ƙonau, kin tashi lafiya? Ina da cakuleti, amma ba ni da mai ƙona mini alewa."

Ta mayar: "Malam, je ka koyar da lissafinka. Ƙarfe nawa zan zo?"

Soyayya ta yi nisa, amma mahaifinta, Egya Eshun, tsohon hedimasta, ya ƙi maganar aurensu sam. Likita Fiifi ya fi kwanta masa a rai a matsayin suruki, ɗan gari da ya iya gaisuwa. "Baƙin nan ba su san girman manya ba," in ji shi. Da ƙyar uwar Araba ta shawo kansa ya amsa gayyatar Lamar zuwa gashin nama, ya ce abin da ya gani a can shi zai yanke maganar.

Tun asuba Lamar ke turara naman ƙirjin bijimi da hayaki. Da tsohon ya iso yafe da kentensa, saƙaƙƙen mayafin gargajiya, Lamar ya ja shi har gaban murhu, ya miƙa masa awartakin juya nama da hannu biyu.

Egya Eshun ya dubi awartakin, ya dubi baƙin da ke zazzaune. "Ni ka kira in yi maka kuku?" Ya gyara mayafinsa ya fice, ko ruwa bai sha ba.

"Zumata, me na yi?" Lamar ya rubuta mata.

"Ka sa babana aiki a gaban jama'a. Ya ce in manta da kai. Kuka nake yi, Lamar."

Da safe Lamar ya tafi gidan tsohon da awartakin a hannu, ya durƙusa yadda Araba ta taɓa koya masa.

"Egya, na yi kuskure, ka yafe mini. A gidanmu maigida kaɗai ke tsayawa gaban murhu. Wannan na babana ne. Har ya rasu bai taɓa bari na juya nama da shi ba, ko yayana bai samu ba. Tun da na zo ƙasar nan ban ba kowa ya riƙe ba. Gani na yi na samu uba."

Tsohon ya ƙura wa awartakin ido, har Araba da ke laɓe bayan labule ta cire rai.

"Wato kujerar babanka ka ba ni, ni kuma na yi fushi na tafi?" Ya share ido da gefen mayafi. "Tashi, ɗana. To, naman fa? Akwai saura?"

Araba ta sulale ƙasa tana dariya tana kuka, wani sanyi ya ratsa zuciyarta.

Aka ɗaura aure, dangi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya. Da yamma aka hura wuta a bakin teku, amarya ta sake ƙona alewarta da gangan. Can ango ya matso kusa da murhu zai duba nama, surukinsa ya ɗaga awartakin ya tare shi.

"Kai, matsa can wajen matarka. Nan wurin maigida ne."